Tsohon jirgin filafilai: wane injin gas na hannu zan saka masa?

Ɗan_Solent:
Slm 'yan uwa. Dan Allah masu harkar injin gas ku taimaka min da shawara. Ina zaune a Southampton ta Ingila, ni da wani abokin aikina muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon jirgin ruwa mai filafilai, Westerly Centaur ƙafa 26, ƙirar shekarun 1970. Injin da ke ciki Volvo Penta MD2B ne, tsakani da Allah ya yi aikinsa, amma tsufa ya zo, sai an yi ta kik kafin ya tashi ga shan baƙin mai. Sabo kam ba ma maganarsa, kuɗinsa ya fi abin da muka sayi jirgin. Mun samu na hannu guda biyu, Yanmar 2GM20 mai doki 18 wanda ruwan teku ke sanyaya shi kai tsaye, sai 3GM30F mai doki 27. Abokina ya kafe sai babban, wai ruwan Solent, mashigin tekun da ke kusa da mu, yana da ja sosai. Wanne za ku ɗauka?

Bakanike_Apapa:
Wslm oga. Ni ba ruwana da filafilai, janareto nake gyarawa, amma injin gas duk ɗaya ne. Kar ka yarda ka biya ko kwabo sai ka ga ya tashi a gabanka, kuma da sanyinsa. Ka ce wa mai shi kar ya tayar kafin ka zo, kana isa ka ɗora hannu a kan tof, wato kan silinda, in ka ji ɗumi to an riga ka, akwai abin da ake ɓoyewa. Inji mai lafiyar ringi baya wahalar tashi. Sannan ka tsaya bayan salansa ka kalli hayaƙi, shuɗi baƙin mai yake ci, baƙi yawanci nozul ne ko lodi ya masa yawa, fari da baya ɗaukewa bayan ya yi zafi ka yi zargin gaskit. Ka zaro sandar mai, in ka ga ya koma kamar shayi da madara ruwa ya shiga, ka kama hanyarka. Kuma injin da aka shafe da sabon fenti har kan notuna da wayoyi wlh ni tsoronsa nake.

Mai_Tuƙi:
Abin da bakanike ya faɗa haka ne, amma ni inda nake jiye muku ba injin bane, kayan da za su biyo bayansa ne. MD2B ya haura kilo 200 kuma a hankali yake juyi, wajen 2,500 a minti, su Yanmar ɗin nan kuwa suna kai 3,600, ƙarami ɗin kilo ɗari da 'yan kai ne kawai. Kaga farfelarku ba za ta yi ba, balle ma tsofaffin Volvo galibi hagu farfelarsu ke juyawa, Yanmar dama. Sabuwar farfela kenan. Mazaunin inji ma ba zai zo daidai ba sai an yi masa ƙari da ƙarfe ko katako mai ƙwari, a sa sababbin robobin ƙafa, wataƙila shaf, sandar da ke juya farfela, ya gaza tsawo a sake wani, ga tiyon salansa ga wayar giya da ta totur, a zo a daidaita shaf da giya wanda in aka yi masa aikin gaggawa jirgin zai yi ta kakkarwa har ya cinye robar shaf. Ku lissafa wannan duka kafin ku ce inji ya yi araha, kuma ku tabbatar ana haɗa muku da giya da allon makulli da wayoyinsa, don sayensu daban ciwon kai ne.

Maganar girma kuwa ka faɗa wa abokinka Centaur tan uku ne, kuma tsawon jikinsa ba zai bar shi ya wuce not (ma'aunin gudun jirgin ruwa) shida da ɗan abu ba ko doki nawa ka zuba, ƙarin sai dai ya tona rami a ruwa ya ƙone muku mai. Injin gas kuma baya son zaman banza, in kullum ɗan kaɗan daga ƙarfinsa ake ja silinda sai ta yi santsi ya fara hayaƙi. Doki 18 zuwa 20 ya isa.

Abu ɗaya da zai sa na yi jinkiri kan ƙaramin shi ne ruwan gishiri da ya shekara yana ratsa cikinsa. Ku sa a cire tamostat ku haska tocila, ku duba zinki, ƙarfen da ke hana gishiri cin inji, ko ana canza shi, a kwance gwiwar salansa a ga ko ta toshe. In akwai 2GM20F, mai ruwan daɗi a ciki, ko na kamfanin Beta da aka gina kan injin Kubota, shi zan bi, don kayan Kubota har wajen masu tarakta ana samu.

Baba_Tema:
To ni tambayata, me ya hana ku gyara na cikin? An san halinsa, kuma ba ruwanku da farfela da mazauni.

Ɗan_Solent:
Baba mun tambaya, kayansa sun yi wuya kuma da tsada, in aka buɗe aka tarar gishiri ya ci tof ɗin shikenan an yi asara biyu. Ngd sosai jama'a. Na kira mai ƙaramin ya ce injin yana kan katako a garejinsa, zai iya tayarwa da bokitin ruwa. Mai_Tuƙi hakan ya wadatar?

Mai_Tuƙi:
Ya nuna maka tashi da hayaƙi kawai, baya nuna ƙarfi tunda ba lodi. Ka tafi da bakanike ya auna kwamfureshan, ka nemi rasit ɗin sabis, kuma ka auno faɗin mazaunin injinku da tef kafin ka fita daga gida.