Masu harkar hol, da me kuke tsara ranakun biki?

Sadik Hotoro:
Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. Ina kula da wani wurin taro, hol biyu ne babba da ƙarami, har yanzu a littafi muke rubuta komai. Alhaji mai wurin yana ba mutane rana ta waya daga duk inda yake, ni ma ina bayarwa a ofis, sai abu ya matso a ga kamu da walimar sauka sun faɗa Asabar ɗaya, kowa kuma ya riga ya buga kati. Ga Disamba na tahowa kun san yadda garin nan yake cika da biki. Akwai manhajar da zan buɗe in ga wata guda gaba ɗaya, shi ma ya gani a wayarsa?

Abba Gwale:
Wslm. Kafin ka kashe kuɗi a manyan manhajojin nan da ake biya wata-wata fara da Google Calendar, kyauta ne. Buɗe wa kowane hol kalandarsa da kalarsa, amma a kwamfuta za ka buɗe, daga baya sai su fito a waya. A cikin bayani ka sa lambar mai bikin da abin da ya bayar na kafin alƙalami da cikon da ya rage. Wanda bai ba da ko sisi ba kar ka rufe masa rana.

Maman Ilham:
Ni dekorashon nake yi kuma wallahi abin nan yana ci min rai. Ku masu hol rana kawai kuke dubawa ba kwa duba awanni. Za a ce min Asabar babu kowa, ashe daren Juma'a an yi dina har sha ɗaya, in zo da safe da yarana da yadudduka da fulawoyi in tarar da shinkafa a kan kafet, kujeru a hargitse, janareta ko dizal babu balle in gwada fitilu. Don Allah ƙanena in za ka saka biki ka saka lokacin shara da na kwalliya a matsayin nasu layin daban, ni dai awa 4 ba ta min yawa in hol babba ne. Sannan ka yi wa Asabar ɗin ƙarshen wata alama, tsaftar muhalli ce, daga 7 zuwa 10 na safe motar kaya ba ta fita, ranar kar ka yarda da taron hantsi.

Malam Nura:
Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ƙari a kai, mutanenmu cewa suke "sati biyu bayan ƙaramar sallah" ko "kafin azumi". A saitin Google Calendar ɗin za ka iya kunna kwanan watan Musulunci ya fito gefen na boko, sai dai lissafi ne, yana iya saɓawa da sanarwar Sarkin Musulmi da kwana ɗaya. To a rasit na boko za ka rubuta, da sunan ranar.

Sadik Hotoro:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya na ji, zan ware lokacin. To shi Alhaji fa, in ya ci gaba da bayarwa da baki?

Abba Gwale:
Akwai zaɓi wajen sharin, wato tura wa wani kalandar, ko mutum ya gani kawai ko ya iya gyarawa. Lallaɓa shi ya karɓi na gani, in an kira shi ya duba ya ce a same ka a ofis. Hannu ɗaya ya dinga rubutawa. Duk Litinin kuma ka buga na satin a takarda ka manna wa maigadi a bakin get.