Wai mai riƙe da rauta yana iya karanta WhatsApp ɗina?

Ɗan Samaru:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min. Mu shida ne muke haya a wani gida nan Samaru, ɗaki uku da falo ɗaya, duk ɗalibai ne, sai muka yi karo-karo muka sayi rauta, wato na'urar da ke raba waifai, muna haɗa kuɗin data duk wata don ya fi sauƙi a kan kowa ya riƙa saye a wayarsa. Ɗaya daga cikinmu ne ya saita ta kuma a ɗakinsa take. To shekaranjiya muna cin abinci sai ya jefo min wata magana cikin wasa wadda wallahi ban faɗa wa kowa ba, da yayata kawai muka yi ta a WhatsApp, maganar kuɗin makaranta ce da aka samu matsala a gida. Na yi dariya na basar amma tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Shin ta waifai ɗin yake gani? In haka ne gara na koma sayen datata ko da garin kwaki zan riƙa sha har ƙarshen wata.

Injiniyan Kwangila:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ta rauta dai ba zai karanta ba, ka cire wannan a ranka. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo daga wayar mai turawa, wayar wanda aka tura wa ce kaɗai ke buɗewa, rauta hanya ce kawai saƙon ke bi ya wuce a kulle. Abin da zai gani in ya shiga shafinta, irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 ɗin nan, shi ne jerin wayoyin da suka hau da sunayensu, wasu rautocin har da yawan datar da kowa ya sha, in kuma gwani ne sosai yana iya sanin sunan shafin da ka shiga amma ba abin da ka rubuta a ciki ba matuƙar adireshin da https ya fara.

Ni inda nake zargi daban ne. Ka taɓa buɗe WhatsApp ɗinka a laftof ɗin wani? Shiga yanzu ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka duba Linked devices. Na'ura har huɗu ake iya jonawa, kuma ko ka rufe shafin ka tafi abinka yana nan a jone, duk saƙon da ya shigo maka yana shiga can ma.

'Yar Tudun Wada:
Hmm ni tibin falo ce ta tona min asiri lokacin da muke haya da wasu 'yan mata uku. Rana ɗaya na sa Gmail ɗina a YouTube ɗin tibin don mu kalli wani biki, na manta ban fita ba, ashe duk abin da na nema a wayata cikin dare sai ya fito a fuskar tibin da safe, su maganin ƙurajen fuska da yadda ake cike fom ɗin neman aiki alhali ban gaya wa kowa ina shirin barin inda nake ba, sai da wata ta ce min "Anti Allah ya sa a dace" sannan na gane. Yaya, ka shiga asusunka na Google ɓangaren tsaro ka ga na'urorin da ke ciki, ka fitar da duk wadda ba taka ba.

Mai Gyaran Waya:
Duk gaskiya suka faɗa maka amma kar a wanke rautar tas. Kalmar sirri biyu ce da ita, ta hawa waifai da ta shiga saitin, kuma ta biyun mutane da yawa suna barinta yadda ta zo daga kamfani, admin admin, ga ta ma rubuce a takardar da ke manne a gindinta. Da irin wannan sakacin wata manhajar ɓarna mai suna Mirai ta kame kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa a 2016 har aka yi amfani da su aka tsayar da Twitter da Netflix a Amurka na wasu awanni. Ku zauna ku shida ku canza ta a gaban kowa, ku dawo da ita falo tunda kuɗin kowa ne, ku kashe WPS, wato tsarin da ke barin waya ta hau waifai ba tare da an rubuta kalmar sirri ba. Sannan in tana da waifai na baƙi ku kunna, don wayoyin Android na yanzu suna nuna lambar QR da kowa zai ɗauka ya hau, aboki ya ba aboki, kafin ku ankara mai shagon ƙofar gida ma da datarku yake kallon ƙwallo.

Ɗan Samaru:
Innalillahi. Injiniya kamar kana wurin. Na duba na ga Chrome a kan Windows, kuma an nuna jiya da daddare ma an buɗe. Yanzu na tuna wata uku da suka wuce na ari laftof ɗinsa na tura aikin makaranta za a buga min a shago, sauri nake yi na ajiye masa kawai na fita. Na cire shi yanzu hannuna har rawa yake. Ku ba ni shawara, na tare shi da maganar ko na ƙyale? Tare muke girki fa.

Injiniyan Kwangila:
Da ka ɗauki hoton allon kafin ka cire, amma ba komai. Ka shiga saitin WhatsApp ka sa lambar sirri mai lamba shida ta tabbatarwa mataki biyu, ka canza makullin wayarka ma in ya taɓa ganin kana zanawa. Maganar kuwa ku biyu za ku yi ta ba a gaban sauran ba, ka ce masa ka ga an buɗe jiya ka yi shiru ka ji abin da zai ce. Ka kuma gaya wa yayarka, tunda har da saƙonninta aka karanta.