Neman shawara: zan kai Baba filin Dira a Riyad, ta ina zan fara?

Baban Hafsa, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina ya zo Umara daga Kano, ya gama ibada, ya ziyarci Madina, kuma bizarsa da saura. Malamin tarihi ne da ya yi ritaya, ya haura saba'in. Tun da ya sauka yake ce mini ba zai koma gida ba sai ya ga Masmak, tsohon ginin tsaron nan na Riyad da ya zama gidan tarihi, da idonsa. Ni kuwa Riyad ban san ta ba sai daga filin jirgi zuwa wurin aiki. Baba na fama da ciwon gwiwa, doguwar tafiya a ƙasa tana ba shi wahala. Yini ɗaya zai isa? Wane lokaci ya fi? Sannan wani abokina ya ce filin Dira nan ne ake zartar da hukuncin kisasi, wai bai dace a kai dattijo ba. Don Allah masu sanin wurin ku taimaka.

Abu Sumayya, Baɗha:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Yini ɗaya ya isa har da saura, domin Masmak da filin da babban masallacin Imam Turki bin Abdullahi da kasuwa duk a dunƙule suke wuri guda. Kada dai ku je da tsakar rana. Ku iso bayan la'asar, kuma ka tabbatar da lokacin buɗe gidan tarihin kafin ku fito.

Ku fara da Masmak tun Baba na da ƙarfinsa. Ginin laka ne mai kauri da hasumiya huɗu, wanda ya san Gidan Makama ba zai ji baƙunta ba. Shawarata, kada ku yi saurin shiga ciki, ku tsaya a bakin ƙofa tukuna. A nan ne a watan Janairun 1902, wato Shawwal 1319, Abdul'aziz, sarkin Saudiyya na farko, bayan ya taso daga Kuwait da mutane ƙalilan, ya ƙwace garin daga hannun Ajlan, gwamnan da gidan Rashid, abokan hamayyarsa, suka ajiye. A tsakiyar babbar ƙofar akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa da ake kira khokha, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma sai ya sunkuya. Kusa da ita, in ka matso sosai, za ka ga tsinin mashi da ya karye ya maƙale a cikin katakon tun ranar. Mutane da yawa suna wuce shi ba su lura ba, suna ta ɗaukar hoton bango. Ka nuna wa Baba wannan. Shekara 30 tsakanin wannan asubar da kafa masarautar Saudiyya a 1932, kuma ya san abin da ke ciki fiye da mu. An mayar da ginin gidan tarihi a 1995, akwai rijiya da masallaci da majalisi a ciki.

Maman Usama, Riyad:
Ɗan uwa, ka nemo keken tura tsofaffi tun daga masauki, ko da Baba zai ce ba ya so. Ni na kai surukata, ita ma gwiwa. Filin shimfiɗe yake, daɓen dutse ne, keke na tafiya sumul, amma yana da faɗi, kuma kafin a zagaya a dawo ƙafa ta gaji. In lokacin sanyi ne, kamar Disamba ko Janairu, a ɗauko masa rigar sanyi, iskar Riyad da daddare ba irin ta Jidda ba ce.

Bayan magariba ku shiga Sukuz Zal, tsohuwar kasuwa ce. Akwai darduma, alkyabba, turaren wuta, tsofaffin butocin gahawa da takubba. In za ku sayi itacen ud, ka ce mai shago ya ɗora ɗan guntu a kan garwashi ku ji ƙamshin kafin a yi ciniki. Kada kunya ta hana ka tayawa.

Alhaji na Manfuha:
Maganar abokinka da gaskiya a ciki, a da an daɗe ana zartar da hukunci a wannan fili, shi ya sa aka san shi da haka. Amma in ka je da yamma, iyalai za ka tarar a zaune suna shan gahawa, yara na guje-guje. Malamin tarihi kuma ba a ɓoye masa irin wannan, ka gaya masa a hanya. Abin da zan ƙara, ku yi sallar magariba a masallacin Imam Turki. A nan aka sallaci Sarki Fahad a 2005 da Sarki Abdullahi a 2015, sannan aka kai su maƙabartar Ud. Ginin na yanzu an sabunta shi ne a farkon shekarun 1990, amma an bi fasalin ginin Najadu na da.

Ɗan Zazzau, ɗalibi:
Ku hau jirgin cikin gari. Daga filin jirgi layin rawaya zai kai ku tashar KAFD, ku canza zuwa shuɗi, ku sauka a Ƙasarul Hukum. Ba ruwanku da cunkoso ko neman wurin ajiye mota.

Abu Sumayya, Baɗha:
Ƙanena, ga matashi irinka haka ne. Amma canjin layi da tafiyar cikin tasha sun yi wa mai ciwon gwiwa yawa. Su ɗauki tasi ya sauke su a gefen Masmak. In Baba na son ganin tashar, a leƙa da shi bayan isha.

Baban Hafsa, Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Baba, maganar mashin nan ta fi komai faranta masa rai. Ya ce a tambaya, gidan da Sarki Abdul'aziz ya zauna daga baya yana nan?

Alhaji na Manfuha:
Yana nan, fadar Murabba ce, an gina ta a ƙarshen shekarun 1930, tana arewa da Dira kaɗan. Babban gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1999 yana gefenta. Amma kada ka haɗa masa su rana ɗaya, zaurukansa takwas ne kuma manya. Ku kwana a Riyad, ku je can washegari. In kun iso ka yi mini magana, ina da keke a gida na marigayiya Inna, sai in kawo muku masauki.