Fijo 504 ta marigayi Baba: in bar mata baƙar lambarta ta KN ko in cire?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara, ya bar Fijo 504 fara ƙirar 1983, haɗin Kaduna. Tun 1991 take kan bulo huɗu a garejin gida an lulluɓe ta da tamfol. Da aka zo rabon gado na ce a saka ta a kasona. Wata biyar ke nan bakanike yana kanta, an wanke tanki, an canza lagireto, an gyara kafireta, shekaranjiya ta tashi.

Lambarta ta asali tana nan gaba da baya: baƙin faranti, farin rubutu, KN sai lambobi huɗu sai harafi. Akwai ɗan lanƙwasa a gefen ta baya, inda yayana ya buge ta da keke muna yara. Ba na son cire ta. Ina da rasit ɗin saye da tsofaffin takardu da sunan Baba, amma lasisin ƙarshe na 1991 ne. Wani mutum a bakin ofishin lasisi ya ce in kawo dubu 120 zai shigar min da tsohuwar lambar cikin kwamfuta, ya ce in zo ranar Litinin. Akwai wanda ya taɓa yin haka ta hanyar doka? In ba shi ko kar in ba shi?

Mai_Golf3:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ni dai shawarata ka sayar da ita ka cika kuɗi ka sayi ƙaramar mota. A wannan tsadar man wa zai iya da 504?

Abban Walida:
Ka fara neman takardar kwastan. In babu duti ko ina ka je wahala za ka sha.

Ɗan Gwammaja:
Malam Abban Walida, na ce haɗin Kaduna ce. A kamfanin PAN da ke Kakuri aka haɗa ta, ba ta iyaka ta shigo ba balle a yi maganar duti. Mai_Golf3, ba ta sayarwa ba ce.

Bazazzage:
Bakano da tsohuwar mota kenan! Ku yi ta lallaɓa abu shekara arba'in don kar a kashe kuɗin sabuwa. Kawo ta Zariya mu ajiye maka a gidan tarihi, mu riƙa karɓar kuɗin kallo muna raba wa bayinmu na Kano.

Baba Direba:
Ɗana, saurara. Na yi tuƙi a ma'aikata shekara talatin da ɗaya, lamba iri uku ta wuce ta hannuna. Akwai wannan baƙar irin taku. A 1992 aka fito da farar lamba mai sunan jiha da kirarinta a sama, ta gida rubutu shuɗi, ta haya ja, ta gwamnati kore. A 2011 kuma aka sake fito da mai taswirar Najeriya, haruffan ƙaramar hukuma suka dawo farko. Lambar Babanka tun a canjin farko ta fita daga tsari. Babu ita a rumbun da jami'an hanya suke dubawa, kuma ban ga yadda mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa zai shigar da ita ba.

Abin da na yi wa 404 fikof ɗin surukina shi ne: mun karɓo takardar rabon gado daga kotu mai nuna motar tasa ce, muka haɗa da tsofaffin takardu, muka shiga cikin ofis da kanmu. Masu duba lafiyar mota suka kankare ƙurar da ke kan lambar casis suka karanta, suka duba ta inji, suka gwada burki da fitila. Aka yi canjin suna, aka ba mu sabuwar lamba. Tsohuwar tana rataye a falonsa har yau.

Abu Hanif:
Kar ka ba shi. Wallahi kar ka ba shi ko sisi. Da ina kusa da kai da hannunka zan riƙe.

Kawuna yana da Marsandi 200 ruwan toka wadda ya saya kafin a haife ni. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, a cikin motar nan ya kai ni makarantar kwana, akwatina a but, ƙullin ƙanzo a cinyata. Da ƙafa ta gaza masa, sai ya ce burinsa ya sake zuwa idi a cikinta da lambarta yadda take. Na kashe abin da na kashe aka tashe ta. Irin wannan mutumin naka na samu, da jaka a hammata, kowa yana gaishe shi, har shiga ciki yake yana fitowa. Na ba shi dubu 90. Bayan sati biyu ya kawo takardu fes, da hatimi da komai, tsohuwar lambar rubuce a jiki.

Ranar sallah ƙarama muka je idi lafiya. Washegari na ɗauko shi za mu gaida ƙanwarsa a wani gari, aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya danna lambar a waya bai ga komai ba. Ya ɗaga takardar ya kalli rana, ya ce ta bogi ce. Dattijo mai shekara tamanin da sandarsa aka sauke shi a bakin titi, sai a motar haya na mayar da shi gida. Bai ce min komai ba duk hanya, carbinsa kawai yake ja.

Ummu Sadiq:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To an sako motar?

Abu Hanif:
Wata huɗu tana fili, Hajiya, damina guda a kanta. Ni kuma ina zarya, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce in kawo wanda ya yi min takardar. Ina zan gan shi? Layinsa a kashe, waɗanda suke gaishe shi da can kowa ya ce bai san shi ba. Ranar da na je ɗauko ta babu tauraron gaba, babu rediyo, babu madubin gefe ɗaya, an bar gilas a sauke ruwa ya jiƙa kujeru sun yi funfuna. Baƙar lambar da aka yi duk wahalar dominta ma an kwance ta, aka ce shaida ce, ban sake ganinta ba. Kawu ya rasu kafin babbar sallah. Bai ma ga halin da na tarar da ita ba.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Jikina ya yi sanyi. To in na bi hanyar Baba Direba nawa zan tanada?

Mai_Golf3:
Dubu 45 na biya komai da komai.

Injiniya_KD:
Yaushe? Ni wata uku da suka wuce dubu 85 na kashe, kuma da ƙafata na je.

Abban Walida:
Ku daina ruɗa shi. Kuɗin lamba 18,750 ne, ina da rasit.

Injiniya_KD:
Rasit ɗin wace shekara, Malam? Wannan farashin 2021 ne. A 2025 an mayar da ita dubu 30. Kuma farantin kaɗai ke nan. Ina lasisi, ina takardar lafiyar mota, ina canjin suna, ina inshora? Inshorar ma tun farkon 2023 ta tashi daga dubu biyar zuwa dubu 15. Kowace jiha kuma da nata ƙarin.

Mai_Golf3:
To ni dai dubu 45 na bayar, motata tana yawo.

Injiniya_KD:
Ka taɓa duba lambar taka a shafin Road Safety ka ga ta fito? Ka duba yau ka dawo ka ba mu labari.

Bakano_a_Amurka:
Abin da Ɗan Gwammaja yake nema akwai shi a nan, kuma doka ce ta tanade shi. A Kalifoniya in kana da tsohuwar mota, an yarda ka nemo faranti na shekarar da aka ƙera ta, gaba da baya, ka kai hukumar rajistar motoci. Za su duba su tabbatar na gaske ne ba bugun jiya ba, kuma babu wata mota da ke amfani da wannan lambar yanzu, sai su ɗora a kan takardunka. Maƙwabcina yana da Mustang ta 1966, a kasuwar tsofaffin kayan mota ya samo mata baƙin faranti mai rubutu rawaya irin wanda jihar ta yi amfani da shi daga 1963 zuwa 1969. Na farko da ya saya asarar kuɗi ya yi, don an tarar lambar tana jikin wata mota. Shi ya sa masu hankali suke tambayar hukuma kafin su biya. Son da ake yi wa baƙin farantin nan ya kai har jihar ta dawo da buga sabo irinsa a 2015.

Abu Hanif:
Yallaɓai, nan ba Amurka ba ce. Irin wannan labarin mai daɗi ne yake sa mutum ya miƙa kuɗinsa ga ɗan damfara. Wanda zai tsayar da shi a hanyar Wudil ba ruwansa da Kalifoniya.

Bakano_a_Amurka:
Ban ce ya ba kowa kuɗi ba. Na faɗa ne don a san abu ne mai yiwuwa in masu tsofaffin motoci suka haɗa kai suka nema. A Ingila ma ƙungiyoyin masu irin motocin ne suke tabbatar wa hukuma tarihin mota har a mayar mata da lambarta ta asali, kuma wadda ta shekara arba'in ba ta biyan harajin hanya.

Baba Direba:
Wanda bai taɓa kwana a shinge ba ya bar wa waɗanda suka kwana magana.

Injiniya_KD:
Baba, da girmanka, amma motar gwamnati ka tuƙa, wa yake tsayar da koren lamba? Kuma zancen 404 ɗin nan ya kai shekara nawa? Yanzu komai sai an haɗa da lambar NIN.

Baba Direba:
Bayan ritaya na yi shekara tara ina jigilar Kano zuwa Jos da 504 wagon, yaro. Ka tambayi wanda ya san hanyar.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri da juna. Mu nan wajenmu 504 ba kayan tarihi ba ce, har gobe tana ɗaukar buhuna zuwa kasuwannin ƙauye. In kana neman fitilar baya ko ƙyauren but na asali ka yi magana, akwai su jibge.

Ummu Sadiq:
Ni tambayata, ba a yin lamba ta musamman? Na ga masu kuɗi suna rubuta sunansu ko sarautarsu. Me zai hana ya nemi a rubuta masa KN ɗin da lambobin Babansa?

Injiniya_KD:
Ana yi, amma dubu 400 ce yanzu, kuma a kan farin faranti na zamani za ta fito, ba baƙi ba. Sai ya shiga ciki ya tambaya ko za su karɓi haruffan.

Bazazzage:
Dubu 400? Yanzu za ku ji Bakano ya ce farar lambar ma ai kyau gare ta.

Ɗan Gwammaja:
Bazazzage, kai dai zo Kano in ɗana ka. Jama'a, wani abu ya zo min. In na yi sabuwar rajista na ɗaura sabuwar lamba, zan iya barin tsohuwar a ƙasanta ko a cikin gilas ɗin baya? Ko shi ma laifi ne?

Abu Hanif:
Ka cire ta ka kai ɗaki ka kulle. Duk abin da ke jikin mota in aka riƙe ta ba naka ba ne. Kuma ka sa ido a kan bakaniken ma. Nawa kafin a kama motar ya riga ya musanya min kafireta ta asali da wata, sai daga baya wani ya nuna min.

Mai_Golf3:
Wannan gaskiya ne. Ni batir sabo na kai gareji aka dawo min da tsoho an goge shi da mai.

Injiniya_KD:
Ba bakanike kaɗai ba. 'Yan gwangwan su ne suka ƙarar da motocin nan. A layinmu akwai Boswaja ƙirar kunkuru da ta shekara ashirin a ƙofar wani gida, jikinta lafiya lau ko tsatsa babu sosai. Mai ita na rasuwa, ko arba'in ba a yi ba 'ya'yan suka kira masu sikeli. A gabana aka sa mata wuta aka yanka gida huɗu, aka auna a kilo kamar gero. Na roƙi yaron ya bar min ko sitiyarin, ya ce an riga an yi ciniki.

Ummu Sadiq:
Mu murfin kwalbatin unguwarmu ma bai tsira ba, balle mota. Makon jiya ƙofar makarantar allo aka wayi gari babu.

Ɗan Maraɗi:
Har nan suke tsallakowa saye. Nawa kilo yake a wajenku yanzu?

Abban Walida:
Ya danganta, jan ƙarfe daban, goran ruwa daban. Lagireton tsohuwar mota suka fi so saboda jan ƙarfen da ke ciki. Ɗan Gwammaja, tsohon lagireton da aka cire maka yana ina? Ka tambayi bakaniken yau ɗin nan.

Ɗan Gwammaja:
Wallahi ban tambaya ba. Bari in kira shi. Amma maganar barin tsohuwar lambar a gilas ɗin baya fa, babu wanda ya gwada?

Abu Hanif:
In ya ce maka ya yar, ƙarya yake. Ka je garejin da kanka kafin magariba, ka duba bayan shagon inda suke tara kaya.