Wai me za mu kira montaj da Hausa?

Jama'a ku taimaka, kwana biyu kenan ina son yin rubutu kan Sergei Eisenstein, daraktan nan na Tarayyar Sobiyet da ya rasu a 1948, amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, montaj. Asalinta Faransanci ce, 'yan'uwanmu na Nijar ma haka suke ce wa aikin editin gaba ɗaya, to amma abin da shi yake nufi ya wuce editin.

Ku duba fim ɗinsa na jirgin yaƙi Potemkin na 1925, bayan sojoji sun buɗe wa mutane wuta a matakalar birnin Odesa jirgin ya mayar da martani, sai Eisenstein ya jero hotunan zakunan dutse guda uku, ɗaya na barci ɗaya ya farka ɗaya ya yunƙura, wallahi sai ka rantse zaki ɗaya ne ya zabura alhali ba dutsen da ya motsa. A fim ɗinsa na yajin aiki kuwa ana karkashe ma'aikata yana sako hoton yankan bijimi, ba murya ba bayani, kai da kanka za ka ji abin a jikinka.

Wani ya ce min tacewa. A'a, wannan ta riga ta sha kaya, editin tacewa, aikin hukuma ma tace fina-finai, ina za mu ƙara mata wani?

Haɗi ko ɗinki kuma sun yi laushi da yawa. Tela mai kyau ɓoye ɗinkinsa yake yi, shi kuwa Eisenstein so yake ka ga wurin da aka yanka. Wannan fa ita ce gardamarsa da Pudovkin, wani daraktan Sobiyet ɗin, wancan na ganin hotuna jera su ake yi kamar bulo, shi yana cewa karo suke yi, daga karon ne ma'ana ta uku ke fita. Kamar ƙyastu da ƙanƙara, ba mai wuta a cikinsu sai sun gogu.

Don haka ni dai karon hoto na zaɓa. Na san za a ce karo na iya zama karo na farko karo na biyu, amma duk wanda ya taɓa ganin raguna sun ja da baya sun gwabza ba zai ruɗe ba. In kuma aikatau ake so akwai gwara, a ce ya gwara hoton ma'aikata da na bijimi.

Malaman Hausa da masu editin na Kano, ya kuka ji ta a baki?