Yadda za a mayar da labarin barkwanci na kimiyya wasan rediyo

A zaman da masu wasan kwaikwayo suka yi a Garwa, an fi daɗewa kan sauti. Mai sauraro ba ya ganin kumbo, da kunne zai hau shi. Aka ce a kaɗa murfin tukunya kusa da makirufo, mutum-mutumi kuma ya yi magana cikin bokitin ƙarfe. Wannan shawara ta kwanta mini ƙwarai, don ba ta cin kuɗi.

Wasu sun nace a riƙe mai ba da labari guda, kamar a shirin barkwancin kimiyya da marubucin Birtaniya Douglas Adams ya rubuta wa rediyon BBC a 1978, wanda ya zama littafi a 1979. Raha kuma a ƙirƙira ta da Hausar kasuwa, har da ɗan Fulatanci. Amma a nemi izinin marubucin labarin da za a mayar wasa tukuna.