Dan Allah ya ake rage kuɗin data da kati a gida mai yara da yawa?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema dan Allah, don abin nan ya fara fin ƙarfina. Ni malamin makaranta ne a nan Kano, mu 7 ne a gida kuma waya 4 gare mu, tawa da ta uwargida da ta babbar 'yata mai shirin JAMB sai wata tsohuwar Tecno da yara suke rububi a kanta. Jiya da daddare na zauna na buga lissafi sai na ga ashe kusan kullum sai an sa data ta 500 a gidan nan, wata rana ma sau biyu, banda katin kira, to 500 sau 30 ai dubu 15 kenan, ga mutumin da albashinsa bai ɗara dubu 70 ɗin nan na mafi ƙarancin albashi da wani abin kirki ba. Kuma ba halin na ce a daina, Maman Khalifa a status take tallan turaren wuta da humra, wani lokacin da kuɗin ake cefane, ita kuma yarinyar a waya take bitar tambayoyin baya. Shin layi zan canza ne, ko na daure na sayi rauta ɗaya, na'urar nan mai raba intanet ta wifi, kowa ya hau? Wanda ya gwada ya faɗa min gaskiya.

Abba_GSM:
Wa alaikumussalam Malam. Ni gyaran waya nake a Farm Centre, kullum sai an kawo min ƙarar nan, wai layi na shanye data. Kafin ka kashe ko kwabo a kan rauta fara gano inda take zurarewa tukuna. Ka karɓi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya ka shiga settings ka nemo wajen data usage, zai jero maka duk manhajar da ta ci da yawan abin da ta ci a watan, wlh ina tabbatar maka wannan Tecnon ta yara ita ce ɓarauniyar gidan, TikTok ba ya jin kira, kana ja sama yana sauke na gaba tun ba ka kalla ba. Sai ka kunna data saver, ka hana Play Store sabunta manhajoji da kansa, a WhatsApp kuma ka kashe auto download na bidiyo da hoto, musamman wayar Hajiya don na san ba za ta rasa guruf goma ba, na biki da na adashe da na 'yan makarantarsu, kowa ya turo bidiyon wa'azi ko na kamu sai ya sauka a kuɗinka ko an kalla ko ba a kalla ba. Facebook ɗin ma a sauke babban a sa Facebook Lite.

Na biyu sayen tsinta-tsinta ɗin nan shi ke kashe ka. Data ta kwana ɗaya kamar sayen shinkafa ne a gwangwani, ka ga kamar da sauƙi amma in ka haɗa na wata ka biya kuɗin kwano ka ci rabi, ga shi in awa 24 ta cika abin da ya rage ya tafi. Ranar da albashi ya shigo ka danna *312# ka duba na wata, ka raba kuɗin da yawan giga ka ga nawa kowace giga ta kama, sannan ka tura wa sauran da *321# gwargwadon buƙatar kowa. Lambobin nan yanzu iri ɗaya ne a duk layuka tun 2023 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe su, *310# duba kati, *323# duba data. Amma *303# ɗin nan na rance ka hana kowa taɓa shi a gidanka, suna cire ladansu tun kafin su ba ka, ka sa kati kuma su kwashe. Ka kuma danna *305# a kowane layi ka ga ko akwai wani abu da aka yi rajista ba a sani ba, irin waƙar kira ko saƙon labarin ƙwallo, sai ka tura STOP zuwa 2442 saƙonnin talla su daina shigowa don ta nan yara ke danna 1 su jawo maka.

Maman_Ilham:
Baban Khalifa ka gaida min 'yar uwata, sana'armu ɗaya. Ni abin da ya taimake ni shi ne na daina ɗora bidiyo a status sai hoto, kwastoma kuɗin kaya da kala yake son gani ba wai ki yi ta juya kwalba kina zuba waƙa ba. Kuma na daina kiran bidiyo kwata-kwata sai da dalili, voice note ya ishe ni. Sannan ina da 'yar rakani-kashi da layin kira a ciki, babbar kuma sai zan duba saƙo nake kunna data, safe da bayan azahar da dare, cajin ma ya fi daɗewa ba sai kullum an kai wajen mai caji ba. Ita 'yar JAMB ta sa data ta dare mai arahar nan ta sauke duk abin da take so lokaci guda ta karanta da rana ba tare da intanet ba, ko ta karɓa ta Xender wajen ƙawayenta. Su kuma ƙananan a kai memori kasuwa a zubo musu katun da karatu, shike nan. Amma fa ka ɓoye lambar hotspot, nawa yaran har 'ya'yan maƙwabta suka raba wa, ina ta zagin kamfani ashe duk 'yan layin unguwarmu ne ke kallo da kuɗina.

Kwamared_Gusau:
Duk na ji, amma kar a mai da laifin kan talaka kamar shi ne bai iya riƙe waya ba. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100, su kamfanonin ma ninki suka nema, saƙon tes daga naira 4 ya koma 6, har ƙungiyar ƙwadago ta yi ta kumfar baki daga baya aka ji shiru. Hujjar kamfanonin dizal da faɗuwar naira da cewa tun 2013 ba a taɓa farashin ba, to mu albashinmu da dala ake biya? Mu nan Zamfara da aka katse mana sabis a Satumbar 2021 mun san waya ba kayan gayu ba ce, sai da mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jiha don su kira 'yan uwa ko su ga alat.

Maganar canza layi kuma Malam, kar ka bi talla. Ka ari layin maƙwabci na MTN da Airtel da Glo da T2 ɗin nan da a da ake ce wa 9mobile, ka gwada kowanne a cikin ɗakinka ba a bakin titi ba, kuma da magariba lokacin da kowa ya hau. Giga mai araha da ba ta buɗe komai ai asara ce. In ka samu wanda ya fi, ba sai ka yar da lambarka ba, tun 2013 ana iya ƙaura da lamba zuwa wani kamfani, ka je ofishinsu da NIN ɗinka za su sa ka tura PORT zuwa 3232, sai dai ka cinye katinka da datarka kafin nan don ba sa bin ka. Layin yarinyar kuwa kar a taɓa shi kar a bar shi ya mutu, wanda ta karɓi profile code, wato lambar fara rajista, da shi JAMB za ta ci gaba da nemanta ta kansa har ta samu gurbi, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi sake sayar da shi ake yi. Rauta tana da amfani in za ku haɗa kuɗi gida biyu ko uku, mu haka muka yi, matsalar kawai in an ɗauke wuta sai da power bank, da kuma mai jinkirin biya. In an ci maka kuɗi ka kira 300, lambar kai ƙorafi ta kamfanin, ba su gyara ba, 622 na NCC kyauta ne.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar ma haka muke fama tsakanin Airtel da Moov da Zamani, rezo, wato sabis, yau akwai gobe babu. Abin da ya kawo sauƙi cikin unguwarmu wifi zon ne, wani ya kahwa ya riƙa saida tikiti na awa ko na wuni, yara su tai can su sauke abin da suke so su komo gida. Ka bincika ko akwai irinai kusa da ku. Kuma ka ja kunnen iyali kan link ɗin nan da ake turowa wai gwamnati na raba giga kyauta a tura ma mutum 20, ƙarya ta, da shi ake sace WhatsApp ɗin mutane a riƙa roƙon kuɗi da sunansu.

Baban_Khalifa:
Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Abba ka yi gaskiya, na duba Tecnon nan na ga abin da TikTok ya ci a wata ɗaya ya fi na wayata da ta 'yata in an haɗa, Khalifa har yanzu rantsuwa yake ba shi ba ne. A layin uwargida kuma na tarar da waƙar kira da ake cire mata kuɗi duk sati, ita ba ta ma san da ita ba, ni da nake kiranta kullum na ɗauka ita ta sa. Na soke. Zan gwada na wata in albashi ya shigo, rautar kuma sai na yi magana da maƙwabcina tela tukun. Kwamared ku gida nawa ne a kan taku, kuma wa ke riƙe ta da daddare?